Wane ne makaɗin haya a kiɗan jazz?

Duk lokacin da wani tsohon makaɗin jazz ya rasu a Amurka, maganar makaɗan haya takan taso. Makaɗin haya shi ne wanda jagoran ƙungiya ke kira ya busa ko ya kaɗa a ɗakin naɗar faifai. Ana biyansa ladan zaman bisa farashin da ƙungiyar ƙwadagon makaɗa ta ƙayyade, shi ke nan. Ribar sayar da faifan ta kamfani ce, da jagora, da wanda aka rubuta sunansa a matsayin mai waƙa.

Faifan Miles Davis mai suna Kind of Blue ya isa misali. An naɗe shi a zama biyu a birnin New York a 1959, ya kuma sayar da kwafi sama da miliyan 5 a Amurka. Amma a 2020, kafin rasuwar Jimmy Cobb, mai gangar faifan, sai da iyalinsa suka nemi gudummawar jama'a don kuɗin jinyarsa.

Wasu na cewa kamfani ne ya zuba jari, kuma ko faifan bai karɓu ba makaɗi ya riga ya karɓi nasa. Gaskiya ne, sai dai hujjar ta fi dacewa da kiɗan da aka rubuta tun farko. A faifan jazz na Kind of Blue kuwa, Davis zayyana kaɗan ya ba makaɗansa. Abin da John Coltrane ya busa da abin da Bill Evans ya kaɗa a fiyano, nan take suka ƙirƙira, na'ura na ɗauka. A ganina wannan ƙirƙira ce, kuma ladan yini bai biya ta ba.