BABI NA UKU: TARIHIN ƘUNGIYAR KIƊAN ƊANƘWAIRO DA SAUYE-SAUYEN MUTANENTA

3.0 Gabatarwa

A Dutse da garuruwan da ke kewaye da ita, idan aka saka waƙar fada a rediyo ko a wurin biki, akan ji mutane suna cewa Ɗanƙwairo ne yake waƙa, kamar dai mutum ɗaya ne yake yin komai. Alhali kuwa duk wanda ya kasa kunne zai ji muryoyi da yawa da kotsanni suna tafiya tare. A wannan babi za a yi bayanin yadda wannan ƙungiya ta samo asali, da yadda jagorancinta ya riƙa sauya hannu, domin a nuna cewa ƙungiyar kiɗan fada gida ce da ake gado, ba aikin mutum ɗaya ba.

3.1 Asalin Ƙungiyar

An haifi Alhaji Musa Ɗanƙwairo a ƙasar Bakura wajen shekarar 1909, ya kuma rayu a Maradun, wadda a yau take cikin Jihar Zamfara. Ya buɗe ido ya tarar da kiɗa a gidansu. Kakansa Maiganga makaɗi ne, haka ma mahaifinsa Usman Ɗankwanda, wanda ya yi wa Sarkin Kayan Maradun kiɗa. Tun Musa yana yaro ya fara bin mahaifinsa wurin kiɗa yana amshi.

Sunan da ya shahara da shi ma daga cikin ƙungiyar ya fito. Akwai wani mai suna Ƙwairo a cikin mutanen mahaifinsa, wanda Allah ya yi wa zaƙin murya. Da aka ji muryar Musa ta yi kama da tasa, sai aka riƙa kiransa Ɗanƙwairo. Wato ke nan sunan da duk ƙasar Hausa ta sani a yau, na wani ɗan ƙungiya ne wanda kaɗan ne suka san labarinsa.

3.2 Tsarin Muƙamai

Kafin a fahimci sauye-sauyen da aka samu, ya kamata a san yadda irin wannan ƙungiya take. Akwai shugaba, shi ne mai ƙulla waƙa da jan baki. Sai Daudun kiɗi, wato mataimakinsa, wanda yake tsayawa a madadinsa idan ba ya nan. Sai 'yan amshi, waɗanda a ƙasar Sakkwato da Zamfara ake ce wa 'yan karɓi. A kiɗan kotso su ne kuma suke kaɗa kotsannin, suna kiɗa suna amshi a lokaci guda. Aikinsu bai tsaya ga maimaita gindin waƙa ba, domin sau da yawa shugaba yakan fara ɗan waƙa ne su kuma su ƙarasa shi. Bugu da ƙari akwai sanƙira mai kirari da bayyana kyautar da aka yi, da kuma yara masu ɗaukar kaya, waɗanda daga nan suke koyon sana'ar.

3.3 Sauyin Jagoranci

Bayan rasuwar Usman Ɗankwanda, ragamar ƙungiya ba ta faɗo hannun Musa kai tsaye ba. Wansa Kurna ne ya gaji mahaifinsu, shi kuma Musa ya zama Daudun kiɗi a ƙarƙashinsa. A wannan matsayi ne ya ƙware wajen ƙulla waƙa, har ya kai ga jagorancin ƙungiya da kansa.

Babban sauyi ya zo a zamanin Firimiyan Jihar Arewa, Sa Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato. Waƙoƙin da Ɗanƙwairo ya yi masa su suka fitar da ƙungiyar daga fadar Maradun zuwa sauran sassan Arewa. Bayan kisan Sardauna a ranar 15 ga Janairu, 1966, ƙungiyar ba ta watse ba. Ta ci gaba da yi wa sarakuna waƙa, irin su 'Yandoton Tsafe, da Sarkin Daura Muhammadu Bashar, da Sarkin Kano Ado Bayero. A tsawon wannan lokaci, duk wanda tsufa ko mutuwa ta ɗauke daga cikin 'yan amshi, akan cike gurbinsa da wanda ya taso a cikin gidan. Da Ɗanƙwairo ya rasu a 1991, shekarar da aka ƙirƙiro Jihar Jigawa, 'ya'yansa ne suka ci gaba da kiɗan.

3.4 Kwatanci da Wasu Ƙungiyoyi

Ba kowace ƙungiya ce take da wannan tsari ba. Alhaji Mamman Shata, alal misali, bai gaji kiɗa ba, mahaifinsa ma bai so ya shiga waƙa ba. Shi ya tara makaɗan kalangunsa da kansa, don haka ƙungiyar ta dogara ne kacokan ga muryarsa har zuwa rasuwarsa a 1999.

A Amurka kuwa, ƙungiyar Beach Boys wadda aka kafa a 1961 ta 'yan'uwa ce, wato 'ya'yan gidan Wilson su uku da ɗan'uwansu da abokinsu. Dennis ya rasu a 1983, Carl a 1998, amma sunan ƙungiyar bai mutu ba. Bambancin shi ne, a can suna na ƙungiya ne, ana kuma rubuta sunan kowane ɗan ƙungiya a jikin faifai. A ƙasar Hausa kuwa sunan shugaba ne yake rufe na kowa.

3.5 Naɗewa

Daga abin da ya gabata an ga cewa ƙungiyar Ɗanƙwairo ta ratsa hannun kaka da uba da wa da ƙane da 'ya'ya, kuma muƙamin Daudun kiɗi shi ne matakin da ake renon magaji. Sai dai wannan tsari yana da asara guda, domin sunayen 'yan amshi sukan ɓace tare da su. Makaɗan da suke rakiyar Sarkin Dutse a hawan salla, da na fadojin Ringim da Gumel da Haɗejiya da Kazaure, su ma suna da tarihin wanda ya gaji wani. Ya kamata ɗaliban Hausa su je su rubuta shi tun dattawan da suka san shi suna raye.