Sharbon injin keken ɗinki

Telolin Tawa, Tabalak da Abalak, ku saurara. Cikin injin kekenku akwai ƴan gawayi 2, ana ce musu sharbon. Su ke kai wuta ga jan ƙarfen da ke juyawa. Kullum suna goguwa, ƙura kuma tana ƙara cinye su. In inji ya rage ƙarfi, yana tartsatsi da ƙauri, ku duba sharbon.

Ku cire waya tukuna, wutar lantarki tana kisa. Ku kwance marufai 2 na gefen inji. Ku kai tsohon sharbon kasuwa, ku sayo irinsa daidai. Ku canza duka biyun. In kuka yi sakaci, jan ƙarfen zai ƙone, ga ɗinkin salla yana jira.