Abin da ke hana ma'aikatan Sharada, Challawa da Bompai aika labarin wurin aikinsu

A watan Yunin 2020, 'yan sanda suka shiga wani kamfanin casar shinkafa a rukunin masana'antu na Challawa da ke Kano, suka fito da ma'aikata sama da 100 da aka ce an kulle su a ciki tun farkon kullen korona. Ɗaya daga cikin ma'aikatan ne ya yi ta maza, ya kira wata ƙungiyar kare haƙƙin ɗan Adam a waya.

Sai dai an shafe kusan wata uku kafin maganar ta fito.

Kanawa ba baƙi ba ne wajen kai rahoto. Gidan rediyon Freedom, wanda shi kansa a Sharada yake, ya daɗe yana karɓar koken jama'a a shirin Inda Ranka. Idan gobara ta tashi ko tirela ta faɗi ta tare hanya, kafin 'yan kwana-kwana su iso bidiyon ya karaɗe WhatsApp da Facebook.

Da zarar labari ya shafi cikin katangar kamfani kuwa, sai jiki ya yi sanyi.

Edita ba zai buga hoto ba sai ya san inda aka ɗauke shi da lokacin, kuma da gaskiyarsa. To amma wannan bayanin shi ne ke tona asirin mai aikowa. A sashen da mutum goma ke aikin dare, shugaban aiki ba sai ya je wurin boka ba kafin ya gane wanda ya ɗaga waya. Leburan da ake biya kullum, ba shi da takardar ɗaukar aiki, gobe da safe ana iya tsayar da shi a bakin ƙofa.

Maƙwabtan masana'antun sun fi sakin baki, musamman kan ruwan kamfanonin jima da ke gangarawa kogin Challawa, ko na Bompai da ke bin rafin Getsi ana ban-ruwan lambu da shi. Su ma ɗin, da wuya a rasa ɗa ko ƙani da ke cin abinci a kamfanin.

Akwai kuma tsoron hukuma. An sha kama mutane da sashe na 24 na dokar laifukan intanet ta 2015 saboda abin da suka wallafa. An yi wa sashen gyara a 2024, amma labarin gyaran bai kai na kamen yaɗuwa ba.