Ƙaura zuwa Faransa da iyali: lissafin da ake yi kafin a ɗaure kaya

Mai shirin kwashe iyalinsa daga Yamai ko Maraɗi zuwa Faransa yakan fara da tambayar kuɗin kwantena. To, Nijar ba ta da teku. Dole kaya su hau babbar mota zuwa tashar jiragen ruwa, kuma tun da aka rufe iyaka da Benin a 2023, hanyar Lome ta Burkina Faso ake bi, ga nisa ga tsada. Sau da yawa kujeru da gadajen da za a cika kwantenar da su ba su kai kuɗin jigilarsu ba. Gara a sayar da su a nan, a riƙe kuɗin.

Wanda ya dage sai ya tafi da kayansa, duwan ta Faransa tana yafe mishi haraji in ya zauna wajen Tarayyar Turai aƙalla wata 12, kayan kuma sun yi wata 6 a hannunsa. Sai ya rubuta jerinsu dalla-dalla. Kilishi da cuku kam a bar su gida, dokar Turai ta hana matafiyi shiga da nama da kayan madara.

Inda kuɗi ke zurarewa shi ne bayan an sauka. Yuro ɗaya kusan sefa 656 ne, wato hayar yuro 800 ta kai jika 525 a wata. Ga kuɗin ajiya da mai gida ke karɓa, na wata ɗaya in gidan ba kaya, har na wata biyu in da kaya, kuma galibi sai an kawo mai tsaya wa mutum. Duk wannan kafin albashin farko ya shigo.