Annobar 1918 da Hisabin Kaka

Kaka lokacin lissafi ce ga manomi. A cikinta ne yake ƙirga dammunan da ya ɗaure, ya auna su da bakunan da zai ciyar har zuwa wata damina. Amma akwai shekarar da in kaka ta zo, masu girbin ne ake ƙirgawa tun kafin a ƙirga dami. Irin wannan shekara ce 1918 a Nijeriya. Manufar wannan lacca ita ce a nuna yadda annobar wancan lokaci ta sake wa jama'a abin da suke shukawa da kuma yadda suke roƙon Ubangiji.

Annobar murar nan, wadda Hausawa suka laƙaba wa suna marisuwa, ta sauka Ikko a jirgin ruwa cikin watan Satumba na 1918, sa'ilin da Yaƙin Duniya na Farko yake gab da ƙarewa. Daga bakin teku ta bi kogi da hanyoyin fatake da layin dogo, wanda ya riga ya isa Kano tun 1911, har ta game ƙasa kafin ƙarshen shekara. An ƙiyasta cewa ta hallaka mutum wajen dubu 500 daga cikin kimanin miliyan 18 da ke ƙasar. Abin lura shi ne ta fi ɗaukar majiya ƙarfi, 'yan shekara 20 zuwa 40, watau ainihin masu riƙe fartanya. Ga shi kuwa ta faɗo daidai lokacin da amfanin gona yake jiran hannu.

Sauyi na farko a gona ya bayyana. A ƙasar Ibo da sauran yankin ƙasan Kwara, doya ce sarauniyar abinci, har tana da bikinta na shekara. Amma doya mai son wahala ce: sai an tada mata tudu, an kafa mata sanda, an yi ta dawainiya da ita wata da watanni, kuma aikin maza ne. Rogo kuwa, wanda Turawan Fotugal suka kawo Afirka daga Barazil, a da ana yi masa kallon abincin marasa hali. Masanin tarihi Don Ohadike ya nuna a 1981 cewa ƙarancin hannu bayan annobar yana cikin abubuwan da suka sa jama'ar wannan yanki suka rungumi rogo, domin yana yi a ƙasa maras ƙarfi, mata suna iya nomansa, kuma ana iya barinsa a cikin ƙasa har sai an bukace shi. Abin da aka karɓa bisa larura ya zauna daram, har yau babu ƙasar da ta kai Nijeriya noman rogo a duniya.

Sauyi na biyu a zukata ya auku. Da cutar ta tsananta, hukuma ta rufe wuraren taruwar jama'a, har da majami'u, maganin asibiti kuma ya kasa. A Ijebu-Ode, wasu mabiya Cocin Angilika, ƙarƙashin Joseph Shadare da wata malamar makaranta Sophia Odunlami, suka kafa ƙungiyar addu'a don neman waraka. Ƙungiyar ba ta watse ba bayan wucewar annobar. Ta rabu da uwar cocin a farkon shekarun 1920, ta zama ɗaya daga cikin tushen majami'un Aladura, kalmar da a Yarbanci take nufin masu addu'a. Ke nan mutanen da suka tarar da ƙofar ɗakin ibada a rufe sun gano cewa ibada ba ta rataya ga gini ko ga limamin da aka aiko daga ƙetare ba.

Idan aka haɗa waɗannan misalai biyu, za a ga cewa sauyin da ya dore shi ne wanda ya shiga cikin aikin yau da kullum, ya sami tsari da masu ɗaukar nauyinsa. Tsoro da kuka da alkawarin tuba kan gushe da zarar an daina yawan jana'iza.

A nan ne al'adar kaka ta ƙasar Hausa take da abin cewa. Musulunci ya ɗora hakkin amfanin gona a ranar girbinsa: ushiri, wato ɗaya bisa goma, ga abin da ruwan sama ya shayar, da rabin haka ga abin da aka shayar da wahala, muddin ya kai nisabi. Gayya kuma ta tanadi hannu ga gonar da mai ita ya kwanta ko ya rasu, domin hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Waɗannan su ne ma'aunin da ake gane ko tubar jama'a ta gangaro daga baki zuwa rumbu.

Wannan zamani ma ya ga tasa annobar. Korona ta shigo Nijeriya a watan Fabrairu na 2020, aka rufe masallatai da majami'u da makarantu, kuma a shekarar ba a bar maniyyata daga ƙasashen waje sun je aikin Hajji ba. An yi addu'o'i, an ɗauki alkawura masu yawa. Ɗalibi da ma'aikacin gwamnati, ko da ba su da gona, suna da tasu kakar, ta ilmi da ta albashi da ta ikon da aka damƙa musu. Tambayar da ke gabansu ita ce: daga cikin wannan amfani, nawa ne ya isa gidan marayu da matan da annoba ta raba da mazajensu?