Ranar Hutun Manomi a Karkarar Kano

Sunayen kwanakin mako bakwai, daga Lahadi zuwa Asabar, Hausawa sun karɓe su ne daga Larabci tare da Musulunci. Amma a ƙauyukan arewacin Kano, wajen Minjibir da Bichi da Ɗambatta, inda gona ke manne da gona, ba a san wani abu wai shi ƙarshen mako ba. Aiki da hutu suna bin ibada ne da kasuwa da ruwan sama.

Ranar girma ita ce Juma'a. A gidajen gandu, 'ya'ya sukan yi wa uba noma har azahar, ran Juma'a kuwa akan ɗaga musu. Sai dai hutun na baka ne, gama yawancinsu gayauna suke nufa kafin lokacin masallaci. Almajirai su ne masu hutu na sosai: akan jingine allo tun yammacin Laraba, ba a ɗauka sai yammacin Juma'a. Malamai suna danganta wannan al'ada ga Sayyidina Umar, Allah ya ƙara masa yarda.

Babban hutu kuwa na kaka ne. Idan gero da dawa suka shiga rumbu, sai a yi kalankuwa, mahauta su ja dambe da kalangu, samari su yi kokawa, 'yan mata su yi gaɗa a dandali da farin wata, dattawa su zauna kan dara a gindin tsamiya. Ko shi ma ba ya daɗewa. Da rani jakuna sukan kai itace birni su komo da taki, waɗansu mazaje kuma su tafi cin rani.

Da Turawa suka ci Kano a 1903, sai suka zo da tasu ranar, watau Lahadi, aka riƙa rufe ofisoshi. Daga baya aka haɗa da Asabar. Wannan ya shafi akawu da malamin makaranta, bai shafi mai fartanya ba. Hasali ma kasuwar Ɗambatta ran Lahadi take ci, ranar da ma'aikaci ke kwance ita ce ranar da talaka ya fi sammako.

Wanda abin ya faɗa wa shi ne yaro. Boko tana hutu Asabar da Lahadi, allo yana hutu Alhamis da Juma'a. Ranar da wannan ta sake shi, waccan na jiransa, da damina kuma uba ya miƙa masa fartanya da safiyar Asabar.