Manjagara Tara: Yadda Gidan Simpson Yake Maimaita Barkwanci

[KIƊAN BUƊE SHIRI]

 Yau Amurka muka nufa, wani gari da ba za ku same shi a taswira ba, Springfield. A can ne wani magidanci mai sanƙo da tumbi, Homer Simpson, yake zaune da matarsa Marge da 'ya'yansu uku, Bart da Lisa da jaririya Maggie. Katun ne, zane mai motsi, sunansa The Simpsons. Matt Groening ya ƙirƙiro shi. Ya fara fitowa a gajarce a 1987, sai ranar 17 ga Disamba, 1989 tashar Fox ta ba shi cikakken fili na rabin awa. Har yau ana yi, kashi ya haura 750.

Tarihin ke nan a gurguje. Abin da ya tsaya mini a rai daban ne. In mutum ya ba ka labarin ban dariya yau, gobe ya sake, to jibi kafin ya buɗe baki ka ce masa ya isa. Su kuwa waɗannan sun fi shekara 30 suna maimaita barkwanci guda, mutane kuma ba su daina dariya ba. Ina sirrin yake?

Mu fara da manjagara. E, manjagarar da ake tara shara da ciyawa da ita.

Ranar 7 ga Oktoba, 1993 aka nuna wani kashi mai suna Cape Feare. A cikinsa akwai wani mugu mai tulin gashi da manyan ƙafafu, Sideshow Bob, wanda ya ƙullaci Bart tun da yaron ya tona masa asiri aka ɗaure shi. Ya fito daga kurkuku da niyyar kisa. Hukuma ta sauya wa iyalin suna, ta mayar da su wani gari. Ashe Bob ya ɗaure kansa a ƙarƙashin motarsu, ya sha ƙaya da gargada har suka isa. Ya rarrafo ya fito, ya miƙe, ya taka haƙoran wata manjagara da ke yashe a ƙasa, ƙotar ta taso ta maka masa a fuska. Ya yi wani gurnani mai rawa, ya juya. Wata manjagarar. Kwas! Ya sake juyawa. Kwas! Sau tara, masu sauraro. Sau tara.

To ga abin da ya sa na daɗe a kan wannan. A rubutun farko manjagara ɗaya ce tak. Da aka gama haɗa kashin sai aka ga bai kai tsawon da tashar take buƙata ba. Dole a cike gurbi. Aka tsawaita buɗewar shirin, aka ƙara wani guntun katun a ciki, duk da haka da saura. Sai aka koma wa manjagara. Al Jean, ɗaya daga cikin shugabannin shirin a lokacin, ya bayyana dabarar: a yi abu ya ba da dariya, a ja shi har dariyar ta mutu, a ci gaba da ja har ta farfaɗo. Shi kuwa Kelsey Grammer, mai yi wa Bob murya, sau ɗaya ya yi gurnanin a ɗakin ɗaukar sauti. Da ya ga shirin sai mamaki ya kama shi, ashe nasa ɗayan aka yi ta juyawa.

Ku lura da abin da ke faruwa a cikin mai kallo. Ta farko, dariya. Ta uku, ta huɗu, ka fara cewa wai mutanen nan lafiyarsu kuwa? Wajen ta bakwai kuma ba manjagarar kake wa dariya ba, taurin kan masu shirin kake wa, da kai kanka da ka zauna kana jiran ta gaba. Abin bai kai minti ɗaya ba, amma yau yana cikin wuraren da aka fi tunawa a tarihin shirin gaba ɗaya. Kuma tun daga nan, in Bob ya dawo, masu kallo sukan fara duba ƙasa suna neman manjagara.

[GAJEREN KIƊA]

Wannan matsalar ta cike lokaci ita ce kuma ta raya kujerar falo. Duk wanda ya taɓa kallon shirin ya san yadda yake buɗewa: kowa ya baro inda yake, Homer daga tashar lantarki ta nukiliya, Marge daga kanti, yara daga makaranta, su rugo gida su faɗa kan doguwar kujera gaban talabijin. Sai dai kusan kowane mako wani abu daban yake faruwa a kan kujerar. Wata rana ta karye, wata rana a matse ɗaya ya faɗo, wata rana bango ya buɗe sai ga 'yan rawa da giwaye. Wannan ta giwayen doguwa ce, ita ake ɗaukowa in kashi ya yi gajarta. Daga baya kujerar ta zama dandalin baƙi. A 2010 Banksy, mai zanen bangon nan na Ingila da ke ɓoye kansa, ya tsara wata mai ɗaci, inda ya nuna ma'aikata a Asiya cikin duhu da wahala suna zana katun ɗin da ƙera kayan wasansa. Tashar ta nuna shi. A 2013 kuma Guillermo del Toro, mai shirya finafinai na Meziko, ya yi tasa.

Amma ni allon Bart ya fi taɓa ni. Yaro ne ɗan shekara 10, ɗan aji huɗu, ba ya jin magana. Shirin yakan buɗe da shi tsaye gaban allo bayan an tashi, yana rubuta jimla guda daga sama har ƙasa, horon malamarsa. Jimlar ce ke sauyawa. A 1990 ya taɓa cika allo da cewa shi ba mace ba ce mai shekara 32. Wanda ya sani ya gane: mace ce take masa murya, Nancy Cartwright. Da suka kai kashi na 100, ya rubuta cewa ba zai yi bikin cikar adadi marar ma'ana ba.

Shekara da shekaru haka ake yi, allo cike, Bart yana ɗaure fuska, ƙararrawa ta kaɗa ya zura a guje. Sai a watan Oktoba na 2013 Marcia Wallace ta rasu, matar da take yi wa malamar tasa, Edna Krabappel, murya tun zangon farko. Ranar 3 ga Nuwamba aka buɗe shiri, ga Bart gaban allo. Allon kuwa wayam, sai layi ɗaya, ɗaya tal, cewa za su yi kewar malamar. Yana tsaye da alli a hannu, fuskarsa a sanyaye.

Masu sauraro, ku auna wannan. Da a ce ba a shafe kusan shekara 24 ana cika allon nan da shirme ba, layi ɗayan nan ba zai yi nauyin komai ba. Maimaicin da wasu ke gani kamar lalaci, ajiya ce ake tarawa. Ranar da aka buƙace ta, aka ciro, kuma ta biya. A ganina amsar tambayarmu ke nan. Barkwancin da ake maimaitawa alkawari ne tsakanin mai shiri da mai kallo, daɗinsa yana cikin jira, ƙarfinsa kuma yana fitowa ranar da aka saɓa shi da gangan.

Mu ma nan ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Bafillace da Babarbare in sun haɗu, zolayar da kakanninsu suka yi ita za su yi, kowa a wurin ya san abin da za a faɗa, kuma kowa zai yi dariya, don sanin da aka yi mata shi ne zumuncin.

[GAJEREN KIƊA]

Sai wayar tarho. Bart yakan bugo waya mashayar wani mai baƙin rai, Moe, ya ce yana neman wane. Sunan ƙirƙira ne, wanda in an ɗaga murya an faɗe shi sai ya fita kamar zagi ko maganar kunya. Moe ya juya ya ƙwala kiran sunan, 'yan mashaya su fashe da dariya, sannan ya gane an yi masa, ya hau surfa barazana ta waya, bai kuma taɓa sanin yaron abokin cinikinsa Homer ne ba.

Wannan ba daga kan marubuta ya faɗo ba, ya faru da gaske. A tsakiyar shekarun 1970, a birnin Jersey City, akwai wata mashaya, Tube Bar, mai ita wani tsohon ɗan dambe ne mai kaushin murya, Louis Deutsch, ana ce masa Red. Wasu samari biyu suka matsa masa da irin wannan kira, suna naɗar sautin. Dattijon yakan kira sunan da zuciya ɗaya, in ya gane kuma ya yi ta rantsuwa da abin da zai yi musu in ya kama su. Kaset ɗin ya yi ta yawo hannu zuwa hannu, ana kwafa, shekaru kafin intanet. Gaskiya ina tausayin dattijon nan, don shi ba wasa yake ba. Amma daga muryarsa da fushinsa aka samo wannan barkwanci.

A nan ma an saɓa alkawari, kuma nan ya fi daɗi. A wani kashi na 1991, mashayar Moe ta yi farin jini, ta cika maƙil. Bart ya bugo da sunansa na tsiya. Moe ya ƙwala kira. Sai wani mutum mai kamala ya taso ya ce ga shi, sunansa ke nan na gaskiya, ya karɓi waya. Reshe ya juye da mujiya. Bart ya daburce, ya amsa cewa tsokana ce ta ƙi ci. Mutumin ya yi masa fatan sa'a a gaba, ya ajiye waya yana yaba hankalin yaron.

Haka labarin Mista Burns, attajirin da Homer yake wa aiki. Homer ya cece shi, ya ɓata masa, ya shiga ofishinsa ba adadi, amma kullum sai ya tambayi yaronsa Smithers, wane ne wancan? Aka yi ta haka zango bayan zango. A 1995 marubuta suka ɗauki wannan mantuwar suka gina babban labari a kai. Abin ya ci wa Homer rai har ya kutsa ofis ya rubuta sunansa da fenti a bango. Aka harbi Burns, gari ya ɗauka, aka bar masu kallo da tambaya tun daga Mayu har Satumba. Da ya farfaɗo a asibiti, kalma biyu kaɗai bakinsa yake iya furtawa: Homer Simpson. Sunan da ya kasa riƙewa shekara da shekaru. 'Yan sanda suka ce ai ya faɗi wanda ya harbe shi. Ashe jaririya Maggie ce bindiga ta tashi a hannunta.

Lokaci ya fara hararar mu, bari in ɗan yi sauri.

Ihun takaicin nan na Homer, “D'oh!”, a takarda ba a rubuta shi haka ba, an ce ne kawai ya yi gurnanin haushi. Dan Castellaneta mai muryar ya aro shi daga James Finlayson, ɗan wasan Sikotlan da ke fitowa a finafinan Laurel da Hardy, Groening ya ce a gajarta. A 2001 ya shiga babban ƙamus na Oxford. Akwai kuma ɓoye jihar da Springfield take, duk lokacin da za a faɗa sai wani abu ya gitta. A fim ɗinsu na 2007 an lissafa jihohi huɗu da wai suke iyaka da ita, Ohio da Nevada da Maine da Kentucky, waɗanda ba yadda za a yi su haɗu a wuri guda.

Ba kowane maimaici ba ne ya cancanci a riƙe, wannan dole in faɗa. Homer yakan shaƙe wuyan Bart in ya fusata, har idon yaron ya firfito. Ni ban taɓa ganin abin dariya a uba yana maƙure ɗansa ba. A wani kashi na 2023 Homer ya ce ya daina, zamani ya sauya, sai dai James L. Brooks, ɗaya daga cikin iyayen shirin, ya fito ya ce ba abin da za a canza. Ina ganin bai kyauta ba. Sai Apu, Ba'indiyen mai kanti, wanda aka yi shekaru ana wasa da karin harshensa. A 2017 Hari Kondabolu ya yi fim yana bayyana yadda aka riƙa tsokanar yaran Indiyawa a Amurka da wannan murya. A 2020 Hank Azaria, mai yi wa Apu murya, ya ajiye ta, daga baya ya nemi afuwa. Zolaya tana zama zumunci ne in wanda ake wa yana da bakin ramawa. Yaran nan ba su da shi.

An ɗaga mini hannu daga ɗakin injiniya. Kalma ɗaya ga iyaye kafin mu rufe: ganin zane ne kada ya sa ku ɗauka na yara ne. Don manya aka yi shi, akwai giya da maganganun da ba su dace da ƙananan kunnuwa ba, saboda haka ku fara gani da idonku kafin ku bar yaro gabansa.

Nan muka kawo ƙarshen shirin na yau. Sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu, ku huta lafiya.

[KIƊAN RUFE SHIRI]